Tiyar Malam Isiyaku

Shekaranjiya wata ɗaliba mai suna Rukayya ta zo gidana a Gusau da kwamfuta a jakarta. Karatun malanta take yi, an ce mata akwai wani tsoho ɗan fansho, Malam Lawali, da ya taɓa aikin auna jarrabawa, ta zo in duba mata lissafinta. Ta buɗe, ta danna nan, ta danna can, lamba ta fito kafin in gama gyara tabarau.

"Baba, ka gani? Lambar ta yi kyau. Wai wanga aiki na kunka riƙa kwashe sati guda kuna yi?"

Na ce mata sati biyu, in ba a yi kuskure ba ke nan. Ta yi dariya har da riƙe baki. Ban ji haushi ba, ni ma a shekarunta na yi wa tsofaffi wannan dariyar. Sai na tambaye ta su wa suka zauna jarrabawar tata. Ta ce yara ɗari da wani abu. Na ce ba nawa na tambaya ba, su wa na ce. Ta ce ai ƙawarta ce ta raba takardun, ta turo mata makin ta waya. Na sa aka kawo mata ruwa, na ce ta gyara zama. Abin da na gaya mata ranar shi nake rubutawa nan, saboda ku ɗalibai da yawa kuna zuwa, kuma bakina ya fara gajiya.

Aikinmu ba rubuta jarrabawa ba ne, ba kuma gyara ta ba. Mu jarrabawar muke jarrabawa. Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwa ya san abin da ake nema ga tiya: in ta auna maka yau, ta auna maka daidai haka gobe. Jarrabawa ma haka. In ta ce Sani ya fi Bello iya karatu ranar Litinin, ranar Alhamis ta ce Bello ya fi Sani, alhali ba abin da ya canja a kawunansu, to ba ta da aminci, kuma duk hukuncin da aka yanke wa yaro da ita zalunci ne. Yadda muke ganewa shi ne mu ba yara takarda ɗaya sau biyu, sati biyu ko uku tsakani, mu jera makin farko da na biyu, mu lissafa yadda suke tafiya tare. Lamba ce guda take fitowa. In ta kusa ɗaya, jarrabawar na da aminci. In ta gangaro wajen sifili, sai a yi mata addu'a. Akwai kuma hanyar raba takarda biyu a zama guda: tambaya ta ɗaya, ta uku, ta biyar a gefe, ta biyu, ta huɗu, ta shida a gefe, a ga ko rabi da rabi sun yarda da juna, sannan a yi gyara saboda rabin takarda bai kai cikakkiya tsawo ba.

Aikin da aka fara ba ni, ranar da aka tura ni wani ɗan ɗaki a bayan ofishin ilimi, shi ne ja layi. Maigidana a aikin, Malam Mu'azu, mutumin Tsafe ne, dogo siriri, ba ya gaggawa ko da ruwa ya taso. Ya ajiye mini rula da fensir da farar takarda ya ce in ja gidaje biyar: makin farko, maki na biyu, na farko an ninka shi da kansa, na biyu an ninka shi da kansa, sai na farko an ninka shi da na biyu. Wata guda ina jan layi ina cika gidaje, ni da na fito kwaleji ina jin kaina. Kayan aikinmu ba su cika aljihun tebur ba. Jan fensir da baƙi, reza ta fiƙe su, wani littafin teburin lissafi da bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, takarda mai ƙananan gidaje ta zanen ɗige, da zaren ɗaure takardu. Kowane jeri sau biyu ake tara shi, daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama. In amsar ta bambanta, babu tashi cin tuwo.

Amma abin da Malam Mu'azu ya fi tsananta mini ba tarawa ba ne. Kafin a taɓa lissafi sai an yi ɗige. Kowane yaro ɗigo guda ne a takarda mai gidaje: makinsa na farko a kwance, na biyu a tsaye, inda suka haɗu ka diga masa fensir. In ka gama sai ka ɗaga takardar nesa da fuskarka ka duba. In ɗigogin sun jeru sun haura kamar kunyar gero, da kyau. In sun watse, ka sani tun kafin lissafi.

"Lawali," yake ce mini, "lamba guda ta, ɗiyan ko arba'in na. In ba ka gane su ga takarda ba, lambar ƙarya za ta yi maka, kai ko ka sa hannu."

Dokarsa ta biyu ita ce ranar jarrabawa sai ɗayanmu ya je da ƙafarsa. Wannan ita ce dokar da na fi so, don ita ta sa na san ƙasar nan. Mu ɗaure takardu a bayan babur cikin leda, mu fita da sanyin safiya, Bungudu, Furfuri, Kekun Waje, wata rana mu juya gabas zuwa ƙauyukan Tsafe. Ba ka tambayar kowa ko hanya lafiya. Inda rana ta yi maka zafi ka tsaya, a ba ka fura a gidan da ba ka san kowa ba. Malam Mu'azu yakan tsaya bakin ƙofar aji yana kallon yara suna shiga, yana tambayar wannan ɗan wa ne, wancan me ya samu ƙafarsa. Ni ina ganin surutu ne kawai irin na tsofaffi. Har yau in na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwa, bayan babur ɗin nan nake tunawa, kuma ina kewarsa.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai hedimastan da yake so mu tabbatar masa cewa yaran da suka iya lissafi su ne suka iya Turanci, don ya ci gardama da abokinsa. Akwai wanda ya kawo mana makin yara da tsawon jikinsu, ya ga suna tafiya tare, ya ce ashe dogaye sun fi ƙwaƙwalwa. Malam Mu'azu ya tambaye shi ko ya haɗa 'yan aji ɗaya da 'yan aji shida. Ya ce e. Malam ya ce to ai shekaru ne suka ja tsawon, su ne kuma suka ja karatun, ya je ya huta. Mutumin gajere ne, ya fita yana godiya. Akwai kuma masu zuwa da lambar da suke so a aljihu, su ce mu nemo mata lissafi. Waɗannan shayi kawai muke ba su.

Malam Isiyaku ba ya cikin ko ɗaya. Malamin firamare ne a Furfuri, ya zo mana a kan keke wata Talata, da fayil a cikin rigarsa saboda yayyafi. Shekara takwas yana haɗa wata jarrabawar karatun Hausa ta 'yan aji huɗu, tambaya talatin, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Abin da ya dame shi shi ne yaron da zai kai aji shida yana bin baki, malami na zaton yana karantawa, sai ranar babbar jarrabawa asiri ya tonu, lokacin ba gyara. Yana so a gano irin wannan yaro da wuri. Kalmomin takardar duk na gida ne, rumbu, garma, rijiya, akuya ta shiga gonar wake. Na karanta na ji daɗi. Ofis ya kafa kwamiti, kwamiti ya ce in takardar ta nuna aminci za a buga ta a raba wa makarantun yankin gaba ɗaya. Sharaɗin shi ne a gwada ta sau biyu a makarantar da ba tasa ba, kuma kada ya kasance a wurin. Aka zaɓi wata makaranta a wani ƙauye can bayan Kekun Waje. Da Malam Isiyaku zai tafi ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Malam Lawali, ga ta nan. In ta yi, ku ce ta yi. In ba ta yi ba, ku gaya min gaskiya, ba ni jin haushi."

Shekarar ita ce muguwar shekarata. Malam Mu'azu ya kwanta ciwon ƙafa ya koma Tsafe, ɗakin ya zama nawa ni kaɗai. A shekarar ne kuma aka sayo mana kalkuleta mai ajiye lamba, wadda za ka zuba mata jeri biyu ta ba ka amsa ba tare da gidaje biyar ba. Na ɗauki kaina wani abu. Damina kuma ta yi latti, mutane sun zuba ido sama har wuya ya yi ciwo.

Zaman farko na je da kaina. Yara arba'in da biyu, na ƙirga, na ɗaure takardu, na dawo. Na gaya wa hedimasta ranar da za a sake, na kuma ja masa kunne cewa duk wanda ya zauna yau dole ya zauna ranar, kada kujera ko ɗaya ta zama wofi. Ana gobe zama na biyu, da la'asar, aka yi ruwa mai yawa, ruwan shuka na farko. Da safe na leƙa waje na ga taɓo, na tuna rafin da ke hanyar, na dubi tulin aikin da ke tebur. Na ba wani sabon malami takardun, wanda bai taɓa zuwa ƙauyen ba, na ce ya kira suna, ya raba, ya karɓo. Ya dawo da yamma da takarda arba'in da biyu cif. Na yaba masa.

Na gyara, na jera suna da suna, na zuba wa kalkuleta. Lambar ba ta kai rabi ba. Na sake zubawa, ta sake ba ni ita. Ban yi ɗige ba. Ban raba takardar farko biyu na duba ba, abin da ba zai ci mini yini guda ba. Na ce inji ya faɗa sau biyu, me ya rage? Na rubuta rahoto shafi ɗaya cewa jarrabawar ba ta da amincin da za a dogara da ita, na sa hannu, na buga hatimi. Kwamiti ya zauna minti kaɗan ya tashi. Malam Isiyaku ya zo ya karanta rahoton a tsaye, ya ninke shi, ya ce ya gode da gaskiya. Ya hau kekensa. Na ji daga baya abokan aikinsa sun riƙa tsokanarsa da mai tiyar roba, kuma bai sake rubuta tambaya ko ɗaya ba.

Shekara huɗu bayan haka aka ce mu kwashe kaya za a canja mana ɗaki. Ina fitar da ɗaurin takardu daga kabad, gara ta ci wasu, sai ga ɗaurin ƙauyen nan da rubutuna a kai. Lokacin Malam Mu'azu ya rasu. Takardarsa mai gidaje tana nan a aljihun tebur, saura 'yan shafuka. Ban san abin da ya sa ba, wataƙila kewarsa ce, na zauna a kan kwali na fara diga yaran ɗaya bayan ɗaya. Da na gama na ɗaga takardar nesa da fuskata yadda yake yi. Talatin da uku sun jeru sun haura, kyakkyawan layi, irin wanda ban cika gani ba a aikina. Tara kuma sun taru can ƙasa a kusurwa guda: sun ci sosai a zaman farko, sun faɗi warwas a na biyu. Na zaro takardun taran nan, na ajiye ta farko kusa da ta biyu. Suna ɗaya, hannu daban. Na farko rubutun ɗan aji huɗu, na biyu manyan baƙaƙe masu rawa, irin na yaron da bai daɗe da riƙe fensir ba.

Asabar na hau babur. Hedimastan yana nan, ya tsufa kaɗan, ya tarbe ni da murna. Na nuna masa sunayen. Ya duba, ya tuna, ko a jikinsa.

"Ai ranar ruwan shuka ta, Malam. Manyan ɗiya duk sun bi uwayensu gona, wa ka barin shuka ranar? Amma kai da bakinka kac ce kar kujera ta zamna wofi. Sai kowane gida ya aiko ƙane ko ƙanwa. Nan haka mu ka yi, in baƙo na zuwa ba a barin gurbin gida ba kowa, abin kunya na. An kira sunan wa, ƙane ya amsa. Mun yi laifi?"

Na ce ba su yi ba. Sun girmama baƙo ne da abin da suke da shi. Da na je ranar, da na gane tun daga bakin ƙofa, don ƙannen ba su kai kafaɗar yaran da na gani sati biyu baya ba. Na koma Gusau na cire taran, na ja gidaje biyar da rula, na tara sama da ƙasa. Lambar ta haura ta kusa ɗaya. Na raba takardar farko biyu, ita ma haka. Na rubuta sabon rahoto na kai sama. Amma kwamitin ya daɗe da watsewa, shugabansa an canja masa wurin aiki, an kuma riga an karɓo wata jarrabawa da aka fassaro daga wani wuri. Na rubuta sau uku. Har na yi ritaya ba a ba ni amsa ba.

Tafiyar Furfuri ita ce mafi nauyi. Na iske Malam Isiyaku ya bar koyarwa, yana zaune a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Muka gaisa, aka kawo ruwa. Na shimfiɗa masa takardar ɗige a tabarma, na gaya masa komai, ban rage ba, har da taɓon da ya hana ni fita. Na ce ya yafe mini. Ya ce in ba shi takardun ƙannen. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana kai su kusa da ido. A kan wata ya daɗe.

"Wagga 'yar aji nawa ta?"

Na ce hedimasta ya ce aji biyu take lokacin.

"Ta kai tambaya ta tara. Ta goma ta tsai da ta." Ya yi murmushi. "Daidai nan na aza ɗan aji biyu mai ƙoƙari zai tsaya. Daidai nan." Ya ajiye takardar a hankali. "Malam Lawali, ashe ba ta yi ƙarya ba ko ranar. An canza mata ɗiya, ta ce an canza. Kai na ba ka saurara ba."

Sannan ya ce ya yafe, ya ce in riƙe fayil ɗin, shi idonsa ya tafi, ko Allah zai kawo mai amfani da shi. Ya raka ni har bakin hanya. Ban sake ganinsa ba sai ranar jana'izarsa.

Fayil ɗin yana nan a akwatina. Ƙauyen nan na bayan Kekun Waje ban sake taka shi ba, kuma yanzu ko an ba ni babur sabo ba mai barina in kama hanyar. Na ji yawancin mutanensa sun taso saboda 'yan bindiga, wasu suna Bungudu, wasu suna nan gefen Gusau, 'ya'yansu sun cika azuzuwan makarantun bakin gari, wasu sun yi shekaru ba su ga allo ba. In akwai lokacin da ake bukatar sanin wane yaro ke karatu, wane ke bin baki, to yanzu ne. Ni kuwa gwiwa ta ƙi, ido ya ƙi. Ina kewar ɗakin nan mai warin takarda, ina kewar muryar Malam Mu'azu yana tambayar ɗan wa ne wannan. Kwamfutarku ta fi kalkuletata sauri nesa ba kusa ba, ban musa ba. Ita ma dai ba ta tsayawa bakin ƙofar aji.

Da na kai nan na dubi Rukayya. Ruwan da aka kawo mata yana nan ba ta sha ba. Ta rufe kwamfutar, ta tambaya ko za ta iya ganin fayil ɗin. Na ɗauko. Takardun sun yi ja, amma rubutun Malam Isiyaku yana nan tsaf, rumbu, garma, akuya a gonar wake. Ta karanta har tambaya ta talatin. Ta ce akwai makarantar da take koyon aiki a bakin gari, ajinsu na huɗu ya cika da yaran ƙauye, in na yarda za ta nemi izini ta gwada ta.

Na ce da sharaɗi uku. Sunan mai ita ya zauna a kai. Ta yi ɗige da hannunta kafin ta taɓa inji. Kuma ranaku biyun duka ta tsaya bakin ƙofa da kanta, ta dubi fuskar kowane yaro.

"Na yarda, Baba. Wace rana kag ga ya dace in sa ta biyun?"

Na leƙa ta ƙofar zaure. Gabas ta fara haɗa hadari, irin wanda manoma ke jira. Na ɗauko ragowar takardar Malam Mu'azu mai gidaje, shafi huɗu suka rage, na ɗora mata a kan fayil ɗin.

"Ko wace rana kika sa," na ce mata, "in an yi ruwa, ki tafi da ƙafarki."